Jan Ƙyallen Mai Wankin Madubai

Korar ba ta dame ni ba kamar yadda kalma ɗaya ta dame ni. An kori waɗanda suka fi ni. Takardar da suka ba ni, 'yata ta karanta mini ita sau uku a tsakar gida, a na ukun na ce ta ɗora yatsana a kan wurin. Ta ɗora. Sakaci. Wai an sallame ni daga aiki saboda sakaci. Shekara ashirin da uku ina wanke musu madubai a kan tsauni, ban taɓa fasa ko ɗaya ba, abin da jikokina za su tarar a akwatina ke nan.

"Inna, ki bar su da Allah," in ji 'yata.

"Na bar su da Allah. Amma sai sun goge wannan kalmar tukuna."

Wurin aikin namu yana can saman tsauni, tafiyar awa ɗaya da rabi a motar ma'aikata, inda babu gidan kowa, babu fitilar kowa. Na'urori huɗu ne na kallon sama, kowace ta kai bene mai hawa uku, kamar ƙaton kwano da aka jingine. Ta Ɗaya, Ta Biyu, Ta Uku, Ta Huɗu, haka muke kiransu. A cikin kowane kwano an jera madubai ɗari uku da 'yan kai, kowane faɗin tire. Ni ce mai wanke su. Ba a sa musu tsumma. Ruwan da aka tace ake fesawa daga sama ya gangaro, a bar iska ta busar. In kashin tsuntsu ya bushe a kai, jiƙa shi za ki yi ki tafi, ki dawo ki sake jiƙawa, har ya gaji ya sauka da kansa. Hannu ba ya taɓa fuskar madubi.

Tsohon injiniyan da ya gina wurin, Allah ya ji ƙansa, shi ya koya mini haka. Shi kuma ya kafa mana wata doka: duk wanda ya ga abu ya lalace, ya ɗaura masa jan ƙyalle. Rabinmu a lokacin ba mu iya rubutu ba, ni har yau ban iya ba. Kullum da safe sai ya zagaya, inda ya ga ja nan zai tsaya. Da hannuna na yayyanka tsohon labulen ofishinsa muka raba.

Abin da suke nema a saman kuwa, Dakta ce ta yi mini bayani, ba don na tambaya ba. Siririyar mace ce, sa'ar 'yata, ba ta cin abinci sai an tuna mata. Wata rana da hantsi ta same ni ina cika tanki, ta zauna a kan bokitina da na kife.

"Inna, kin san abin da madubanki suke kallo?"

"Na san dai tsuntsaye sun raina su."

Ta yi dariya. Ta ce wani tauraro ne ya fashe tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, abin da ya watsar kuma har yau gudu yake. Kusa da inda ya mutu akwai wani ƙaton gajimare, ba na ruwa ba, na iska mai sanyi, yana zaman zamansa bai yi wa kowa komai ba. Ɓurɓushin tauraron nan, ƙanana masu gudun tsiya, su ne suke zuwa su doki gajimaren, shi kuma sai ya fitar da wani haske mai ƙarfi da suke kira gamma. Ido ba ya ganinsa. In ya iso nan ya daki iskar da ke samanmu, sai ya yi ɗan walƙiya shuɗi, ƙiftawar ido ma doguwar tafiya ce a kansa. Shi ne madubaina suke tarawa su miƙa wa kyamara.

Na ce, "Wato a jikin gajimaren ake ganin hasken, amma ba shi ya kunna ba."

"Shi nake so in tabbatar, Inna. Shekara bakwai ke nan."

"To tashi ki ci abinci tukuna, ki ba ni bokitina."

Bara ne Ta Uku ta fara gani dishi-dishi. Dakta ta gano a lissafinta cewa hasken da take tarawa ya ragu, amma ba ta san ranar da abin ya fara ba, don haka aikinta na kusan shekara ya shiga shakka. Aka hau aka duba. Madubai sittin da ɗaya a layukan sama duk sun karce. Manajanmu sabo ne, shekararsa biyu da zuwa, ofishinsa a cikin gari, sau ɗaya a wata yake hawa tsaunin da takalmi mai sheƙi. Ya tambaya mai wankin madubi nawa ne, aka ce ɗaya. Ko kirana bai yi ba. Direba ya ba takardar ya kawo mini.

Akwai abin da ban gaya wa 'yata ba. Layukan saman nan, wata takwas ba ni nake wanke su ba. Injin ɗagawa mai kwando, wanda nake shiga ya kai ni sama, ya tsaya cak a bayan Ta Uku. Na ɗaura masa ja. Na gaya wa manaja da baki sau biyu. Sauran na'urorin ukun an riga an wanke samansu, ita Ta Uku kuwa tana kusa da dutsen da tsuntsaye ke kwana, kullum a cikin ɓaci take. Tsani ya rage, gwiwata kuma ta daina hawa tsani tun shekara uku da suka wuce. Sai Dogo ya ce zai riƙa hau mini.

Dogo ƙanin mijina ne, makanikin wurin, shi ke sa wa ƙafafun na'urorin mai. Ni na nema masa aikin bayan rasuwar yayansa. 'Ya'yansa biyar. Ranar da aka kawo takardar na aika aka kira shi, na ce, "Ka taɓa fuskar madubin nan da wani abu?" Ya rantse mini ruwa kawai ya fesa, yadda na ce. Na yarda. Na ce ƙila iska ce ta kwaso yashi, ƙila tun daga kamfani ne. Ko ma mene ne, ba ni ba ce.

Na fara zuwa ofishin cikin gari duk Litinin. Akwai wani dogon benci a baranda, gaban ɗakin manaja, ƙarƙashin fankar da ke juyawa ba iska. Nan nake zama daga takwas zuwa azahar. Sakatariyarsa yarinya ce mai ladabi, irin ladabin da ke rufe ƙofa.

"Mama, yana taro."

"Zan jira."

"Mama, in ƙorafi ne sai kin cika fom."

"Fom ɗin nan dai. Shi ya kawo ni nan."

Litinin ta uku ta fara kawo mini ruwa. Ta biyar mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo, sai dai ya ce, "Yau ma aiki, Mama?" in ce masa, "Yau ma." Na gaji. Gwiwata tana kumbura a motar haya, in na dawo gida sai 'yata ta gasa mini ita tana mita. Ba aikin nake so su maido mini ba, na san ƙarfina ya ƙare. Kalmar kawai.

A Litinin ta bakwai na ga Dakta tana saukowa daga bene rungume da takardu. Ta gan ni, ta yi kamar za ta juya, sai ta fasa.

"Inna, ina yini."

"Ke ma kin yarda?"

"Ba ni na rubuta ba, Inna."

"Ban ce ke kika rubuta ba. Cewa na yi kin yarda?"

Ta sunkuyar da kai. Ta rame, idonta ya faɗa. Na ce, "Kai ni in ga madubaina. An yanke mini hukunci a kan abin da ban ko gani ba."

Washegari ta ɗauke ni a motarta muka hau. An kwance madubai sittin da ɗayan an jingine su a sito, an sa kwali tsakaninsu. Na ce ta kama mini ɗaya muka kai bakin ƙofa, na karkata shi ga rana. Sai ga su. Ba karcen yashi ba ne, yashi a miƙe yake tafiya. Waɗannan zagaye ne, zagaye a kan zagaye, kamar yadda ake goge gilashin mota. Na ce ta kawo wani. Shi ma haka. Na uku ban ma karkata shi ba.

Na bar ta a siton na fita. Dogo yana durƙushe a gindin Ta Biyu da gwangwanin mai. Da ya hango ni ya miƙe yana washe baki.

"A'a, matar yaya. Kin dawo ɗakinki ke nan? Na ce musu ni ban sake ki ba."

"Zaro abin da ke aljihunka na baya."

Ya daina dariya. Ya zaro. Tsumman aikinsa ne, baƙi ƙirin da mai. Na murza shi tsakanin yatsuna, garin ƙarfe yana cizona.

"Sau nawa?"

Ya dubi ƙasa. "Kashin tsuntsun ne ba ya fita, Yaya. Ke kina ƙasa kina cewa in jiƙa in jira, ni ina da ƙafa goma sha shida da zan sa wa mai. Na goga sau ɗaya na ga ya yi ƙyalli."

"Sau nawa na ce."

"Duk hawa."

"Ka rantse mini."

"Na ji tsoro ne. Yaya, yara biyar."

"Na san yawansu. A hannuna aka yaye uku."

Ban zage shi ba. Na so in zage shi, na nemi ƙarfin na rasa. Na juya na koma na zauna a bakin sito, Dakta tana tsaye ta ji komai, don wurin nan ko allura ta faɗi sai an ji. Ta ce, "Me ya sa ba ki hau da injin ɗagawa ba?"

"Ya lalace. Wata takwas."

"Babu rahoto, Inna. Na duba fayil."

"Na ɗaura masa ja."

"Wane ja?"

Na dube ta. Shekara bakwai tana wurin nan. Ta san abin da ya faru da tauraro tun kafin a haifi kowa, ba ta san abin da jan ƙyalle ke nufi a ƙofar ɗakinta ba. Na yi mata bayani. Ta ce wallahi ita ta ɗauka tsummokaran ma'aikata ne ake shanyawa. Tsohon injiniya ya rasu kafin zuwanta, makanikai ne suka ci gaba da duba ja a tsakaninsu, amma injin ɗagawa gyaransa sai an kira kamfani, kiran kamfani kuma sai da sa hannun manaja. Yanzu an gyara shi, don da shi aka kwance madubai, ƙyallen kuma an cire an yar.

Ta yi shiru can, sai ta ce in taso. A kan dogon ƙarfen da ke auna iska akwai wata ƙaramar kyamara, kullum ƙarfe bakwai na safe tana ɗaukar hoton filin don a ga ko na'urorin sun kwanta daidai. Babu mai kallon hotunan, tara su kawai ake yi. Ta zaunar da ni gaban kwamfuta ta fara komawa baya. Ga injin a bayan Ta Uku, ga ɗan ɗigon ja a hannun kwandonsa. Jiya da shekaranjiya na bara, ranar iska, ranar hazo, ɗigon yana nan. Ta yi ta komawa har muka kai safiyar da babu shi.

Hannunta ya fara rawa. "Wace rana Dogo ya fara hawa?"

"Kwana uku bayan na ɗaura. Daga nan duk mako."

Ta jawo takarda ta hau rubutu. Ta ce in ta san ranar farko da yawan hawan, za ta iya gyara lissafinta, aikin shekarar bai tafi a banza ba. Fuskarta ta washe, har ta manta ina wurin. Ban ji haushinta sosai ba. Kowa da abin da ya hau da shi tsaunin. Na bari ta gama, sannan na ce, "To ni fa?"

Litinin ta takwas ban zauna a benci ba. Dakta ta shige da ni, sakatariya ta buɗe baki ta rufe. Ɗakin sanyi kamar firij. Manaja ya nuna mini kujera yana cewa, "Mama, ai da kin bi tsari da ba a kai nan ba." Dakta ta juya masa kwamfutarta ta nuna masa hotunan, ɗari biyu da arba'in da biyu. Ya kalli goma ya ɗaga hannu.

"Jan ƙyalle ba ya cikin tsarin aikinmu."

"Yana ciki tun kana sa gajeren wando," na ce. "Kuma na gaya maka da bakina. Ta farko a gaban tanki, ka ce in cika fom. Ta biyu a bakin motarka, na ce ban iya rubutu ba, ka ce in nemi wanda ya iya, ka ɗaga gilashi."

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Ruwan toka ne takalminka ranar."

Ya gyara zama. Ba wawa ba ne, wannan zan faɗa masa. Ya yi ɗan tunani, sannan ya ce a hankali, "To naji. Injin ba ya aiki. Likita ya rubuta gwiwarki ba ta hawa tsani, yana cikin fayil. Ke nan wani ne ya hau. Wane ne, Mama? Ki faɗa mini sunansa, yau ɗin nan in canza miki takarda."

Ya ɗauki biro ya cire murfin.

Abin da na zo nema ke nan, an ajiye mini a kan tebur. Kalma ɗaya zan faɗa in karɓi tawa. Kuma ya cancanta, wallahi ya cancanta, mutumin da ya kalli idona ya rantse, ya bar ni ina jan ƙafa Litinin bakwai bai ce uffan ba. Na ji sunan ya taso har maƙogwarona. Sai na tuna ta ukun a cikin 'ya'yansa, mai kama da mijina sak, wadda in ta zo gidana take shiga akwatina tana ɗaura ɗankwalayena.

Na ce, "Ɗana, ku ne kuke zama shekara bakwai don ku gane cewa inda aka ga haske ba lallai nan aka kunna shi ba. A kan gajimare kuna da haƙuri. A kaina ko minti biyar ba ku yi ba."

"Sunan nake tambaya."

"Ba za ka samu ba. Wanda ya hau ya hau ne don injinka ya mutu kai kuma kana jiran fom. In ka neme shi ka kore shi, hotunan nan za su je wurin waɗanda suka ɗauke ka aiki, su ƙirga ja da kansu. In ka goge kalmata, ni na gaji, gida zan tafi."

Ban yi shawara da Dakta ba kafin in faɗi haka. Manaja ya dube ta. Ita tebur take kallo. Na ɗauka za ta zame. Can ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Hotunan suna wurina. Dole ma in sa su a rahotona, ko in sa ranakun kawai. Bai zama lallai in sa duka ba."

Ya mai da murfin biron. Ya daɗe yana juya shi. Sannan ya kira sakatariya ya ce ta buga sabuwar takarda.

Ba a maida ni aiki ba, ban kuma roƙa ba. Ba a rubuta laifin wane ne ba. Madubai sittin da ɗaya sun karce, a fayil an ce yanayi ne. Manaja yana kujerarsa. Na so a ce an rubuta gaskiya baƙi da fari, amma gaskiyar nan in aka ja ta da Dogo za ta fito, don haka na bar ta inda take. Da za mu fita na ce ya ba ni tsohuwar takardar da ke fayil, na haɗa da tawa na yaga a gabansa na zuba masa a kwandon shara.

A gida 'yata ta karanta mini sabuwar sau uku. Ta ajiye aiki saboda ciwon gwiwa, bayan shekara ashirin da uku tana aikinta yadda ya kamata. Na ce ta bi da yatsana layi-layi, ko sun ɓoye waccan a wani lungu. Babu ita. Na ninke na sa a ƙasan akwati.

Dakta ta aiko mini da hoto bayan wata biyu, wani ɗan tabo ja da rawaya a kan baƙi. Wai gajimarenta ne, lissafin ya fita. Na rataye shi a bayan ƙofa.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya Dogo ya zo. Ya tsaya a ƙofar gida yana sallama kamar baƙo, shi da a da sai dai in gan shi a kicin yana buɗe tukunya. Ya kawo mini takalman robana da buhun da nake ajiye jajayen ƙyallayena. Bai kira ni matar yaya ba.

"Wa ke wanke su yanzu?" na ce.

"Wani kamfani. Da mota suke zuwa."

"Suna sa tsumma?"

"A'a. Na tsaya a kansu."

"Kai ɗin."

Ya yi shiru. Ya fara cewa, "Yaya, ni ban san da wane baki..." na ce ya bari, ba ni da ƙarfin saurare. Na buɗe buhun na zaro ƙyalle ɗaya, cikin na labulen tsohon injiniya, ya koɗe har ya kusa zama ruwan ƙasa. Na ce ya miƙo hannunsa na dama. Ya miƙo. Na ɗaura masa a wuyan hannu, ƙulli biyu, yadda nake yi wa inji.

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Na ce ya gaida yaran, ya turo mini ta ukun ranar Lahadi. Ya tafi da ƙyallen a hannunsa, ni kuma na koma ciki na ce wa 'yata ta ɗora ruwan gashin gwiwa.